Ranar da Aka Dakatar da Gwajin Rigakafin Ebola a Jeniba

Ranar 11 ga Disamba, 2014, asibitin koyarwa na jami'ar Jeniba a ƙasar Suwizalan ya sanar da cewa ya dakatar da yi wa mutane allurar gwaji ta rigakafin Ebola. Ga wanda ke bin labarin annobar a lokacin, dalilin da aka bayar kamar bai taka kara ya karya ba: mutum 4 daga cikin 59 da suka shiga gwajin sun koka da ciwon gaɓɓai a hannu da ƙafa, kwana 10 zuwa 15 bayan allurar. Babu wanda ya rasu, babu wanda ransa ya shiga haɗari. A daidai wannan mako kuwa, waɗanda Ebola ta kashe a Gini da Laberiya da Saliyo sun haura 6,000, kuma kullum ana ƙara haƙa kaburbura. Duniya ta zuba wa wannan allura ido, sai ga masu gwajin sun ajiye sirinji saboda 'yan yatsun mutum huɗu suna ciwo.

Na daɗe ina ganin wannan dakatarwa ita ce wuri mafi daraja a duk tarihin rigakafin, fiye ma da ranar da aka ba shi lasisi. Kafin a gane dalili, sai an san abin da ke cikin kwalbar da kuma inda ya kwana shekara da shekaru.

Akuya da fatar kura

Masana a babban ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na gwamnatin Kanada da ke birnin Winnipeg ne suka ƙera rigakafin, tare da abokan aikinsu na Amurka. Heinz Feldmann da Thomas Geisbert suna cikin sunayen da aka fi sani a aikin. Sun ɗauko wata ƙwayar cuta ta dabbobi da ake kira VSV, wadda ke sa shanu da dawaki da aladu ƙuraje a baki da kofato a nahiyar Amurka, kuma in ta kama mutum yawanci ba ta wuce zazzaɓi kamar na mura. Kowace ƙwayar cuta irin wannan tana da riga ta sinadarin furotin a bayanta, da ita take manne wa jiki ta kutsa ciki. Sai suka tuɓe wa VSV tata rigar, suka sa mata ta Ebola. Mun saba cewa kura da fatar akuya. Wannan akuya ce da fatar kura. Garkuwar jiki ta ga riga ta ɗauka kura ce ta shigo, ta tashi haiƙan, ta haddace kamanninta. Ranar da kurar gaske ta zo, ta tarar an shirya mata.

Sai dai akuyar nan mai rai ce, tana hayayyafa a jikin wanda aka yi wa allurar. Daga nan ƙarfin rigakafin ya fito, shi ya sa allura ɗaya tak take isa, kuma daga nan ne abin da ya faru a Jeniba ya samo asali.

A 2005 aka wallafa sakamakon gwaji a kan birai: waɗanda aka yi wa allurar sun tsira bayan an sa musu Ebola da gangan. A 2009 wata mai bincike a birnin Hamburg na Jamus ta soki kanta bisa kuskure da allura mai ɗauke da Ebola. Aka yi gaggawar kawo rigakafin daga Kanada aka yi mata cikin kwana biyu. Ta yi zazzaɓi, ta warware, Ebola ba ta bayyana a jikinta ba. Amma mutum ɗaya ba ya zama hujja, don ba a iya tabbatar da cewa cutar ta shige ta tun farko ba. A 2010 Kanada ta ba wani ƙaramin kamfani na jihar Iowa a Amurka, NewLink Genetics, izinin ci gaba da aikin. Daga nan kuma shiru.

Shekara tara ke nan daga gwajin birai zuwa 2014, ba a taɓa tara ko mutum ashirin masu lafiya an gwada musu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka gano Ebola a 1976, ɓarkewarta kan kama mutum ɗari biyu ko uku ko huɗu a ƙauyukan tsakiyar Afirka, sannan ta lafa. Babu kamfanin da ya hango kasuwa a wurin, kuma kuɗin da aka zuba a binciken da yawansu sun fito ne daga tsoron kada a yi amfani da cutar a matsayin makami. Gwajin matakin farko ba shi da tsadar da za ta gagari manyan ƙasashe, kuma ba ya bukatar a jira annoba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi da wannan gorar, kuma wannan sakaci yana ci mini rai duk lokacin da na tuna adadin ƙarshe: sama da mutum 28,000 suka kamu a Afirka ta Yamma, sama da 11,000 suka rasu.

Yadda aka tsara gwajin

Ranar 8 ga Agusta, 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annobar a matsayin lamarin gaggawa da ya shafi duniya. A lokacin cutar ta riga ta shigo Legas tun 20 ga Yuli, kuma kwanaki kaɗan bayan sanarwar ta yi ajalin Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta hana mai ɗauke da cutar fita daga asibiti. Kwamitin ɗa'a da hukumar ta kira a cikin watan ya yanke cewa ya halatta a yi amfani da magunguna da rigakafin da ba a gama gwadawa ba, matuƙar an yi wa mutum bayani ya amince kuma ana tattara sakamako. Kanada ta ba da kyautar kwalaben rigakafin kusan 800.

Gwajin matakin farko tambayoyinsa kaɗan ne. Shin abin nan yana cutar da mutum? Wane adadi jiki ke ɗauka? Garkuwar jiki tana amsawa? Ba a tambayar ko yana hana kamuwa da cutar, wannan aikin matakai na gaba ne. Ana ɗaukar manya masu ƙoshin lafiya, 'yan kaɗan, a fara da wasu a jira a gani kafin a ƙara. Kowa yana riƙe da takardar da yake rubuta zafin jikinsa da duk abin da ya ji, yana dawowa ana ɗibar jini. A gefe kuma akwai kwamitin masana masu zaman kansu, waɗanda ba su da hannu a gwajin, aikinsu duba rahoton illoli da ba da shawarar a ci gaba ko a tsaya.

Amurka ta fara nata gwajin a cibiyar binciken soja ta Walter Reed a watan Oktoba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, ƙarƙashin jagorancin Marie-Paule Kieny da tallafin gidauniyar Wellcome ta Ingila, ta haɗa cibiyoyi huɗu su yi aiki tare: Jeniba, Hamburg, Lambarene a Gabon, da Kilifi a gaɓar tekun Kenya. Rahotonsu na farko ya ƙunshi mutum 158. Sanya Gabon da Kenya dabara ce mai kyau. Ba a fama da annobar a can, don haka zazzaɓin allura ba zai rikice da na Ebola ba, kuma jikin da ya saba da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ba lalle ya amsa rigakafi kamar jikin Bature ba. A daidai lokacin ma ana gwada wani rigakafin Ebola na daban a Bamako ta ƙasar Mali, ƙarƙashin Farfesa Samba Sow, inda ma'aikatan lafiya suka miƙa hannu tun watan Oktoba.

Jeniba ce ta ɗauki kaso mafi girma a farko, an tsara mata mutum 115. Farfesa Claire-Anne Siegrist ta jagoranci aikin tare da Dakta Angela Huttner, aka fara allura ranar 10 ga Nuwamba. Da yawa daga cikin masu sa kai ma'aikatan lafiya ne da na ƙungiyoyin agaji, wasunsu suna shirin tafiya inda annobar take. Waɗannan ba a sa su cikin masu karɓar allurar da babu magani a cikinta ba, don bai dace a tura mutum bakin wuta da ruwan gishiri a jiki ba. Adadin da aka gwada biyu ne, ƙwayoyi masu rai miliyan 10 da miliyan 50. Cikin wata guda an yi wa mutum 59: 51 sun sami rigakafin, 8 sun sami allurar da ba komai.

Mako na farko, mako na biyu

Abin da ya biyo baya a kwana ɗaya zuwa biyu an yi tsammaninsa: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kai, ciwon jiki, sannan a wartsake. Gwajin jini ya nuna ƙwayar rigakafin tana yawo a jinin kusan kowa na 'yan kwanaki, a duk cibiyoyin an same ta a mutum 123 cikin 130 da suka karɓi miliyan 3 ko fiye. Ba a same ta a yawu ko fitsari ba, kuma wannan labari ne mai daɗi, don akwai fargabar kada wanda aka yi wa allura ya yaɗa ta ga iyalinsa ko ga dabbobi.

Tun kafin a fara, babban abin da masana ke tsoro shi ne ƙwaƙwalwa, domin VSV ta asali tana taɓa ƙwaƙwalwar dabbobin gwaji. An bincika wannan a birai, an ga canza rigar ya kawar da matsalar. An ma gwada a biran da garkuwar jikinsu ta raunana, suka jure. Inda ba a zata ba ta nan abin ya ɓullo. A mako na biyu, bayan mutum ya manta da zazzaɓin ya koma aikinsa, sai ya tashi da safe yatsa ya sanƙare, ko wuyan hannu ya kumbura, ko gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Biri ba ya cewa ɗan yatsana yana ciwo da asuba. Sai ɗan Adam mai baki, wanda aka ce masa duk abin da ya ji ya faɗa, kuma aka sami mai saurarensa.

Daga mutum 4 da aka sanar da farko, da aka bi kowa aka duba sosai adadin ya kai 11 cikin 51, wato kashi 22 cikin ɗari, kowanne da kumburin gaɓa ɗaya zuwa huɗu. A wajen rabinsu ciwon bai wuce kwana 8 ba, amma akwai waɗanda ya bi su watanni. Likitocin ba su tsaya ga zato ba. Sun zuƙo ruwan gaɓar wani da ta kumbura, suka sami alamar ƙwayar rigakafin a ciki. Wasu mutum biyu sun fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a fata, nan ma aka same ta. Ma'ana, bayan ta ɓace daga jini, ƙwayar ta sami mafaka a gaɓɓai da fata tana ci gaba da hayayyafa. Masu binciken sun karkata ga cewa rigar Ebola da aka sa mata ce ta canza wuraren da take iya shiga a jiki.

Hujjar masu cewa a ci gaba tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Nau'in Ebola na Zayar, wanda shi ne na wannan annobar, ya taɓa kashe kusan tara cikin goma na waɗanda ya kama. Wace ma'aikaciyar jinya ce a Kenema ta Saliyo ko Monrobiya ta Laberiya za ta ƙi ciwon gwiwa na mako guda a madadin wannan? Kowane mako na jinkiri rayuka ne. Amma a ranar da aka tsaya, babu wanda ya san ciwon na mako guda ne. Ana iya tunanin somin-taɓi ne na amosanin gaɓɓai da zai zauna wa mutum har tsufa, ko alamar cewa ƙwayar tana shiga wasu sassan da ba a duba ba. Waɗanda ake yi wa allurar kuma lafiyarsu ƙalau, sun ba da jikinsu amana ne bisa bayanin da aka karanta musu, kuma bayanin nan babu kumburin gaɓa a cikinsa. Da zarar an ga abin da ba a faɗa musu ba, yardar da mutum na sittin zai bayar ba ta zama yarda ba sai an gaya masa abin da ya sami na gabansa. A nan nake tsayawa tare da likitocin Jeniba ba tare da wata tantama ba.

Akwai kuma lissafin da ya wuce Jeniba. Ana shirin kai wannan allura ga dubban mutane a ƙasashen da jita-jita ta riga ta yi kisa: a watan Satumban wannan shekara an kashe mutum takwas na tawagar wayar da kai a ƙauyen Wome na ƙasar Gini. A ce an rufe maganar, sannan gwiwoyi su fara kumbura a ƙauyukan Gini ba tare da an gargaɗi kowa ba, da wuya a sake samun mai miƙa hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asibitin ya faɗa wa duniya da bakinsa, tun adadin yana 4.

Rage adadi bai yi magani ba

Ranar 5 ga Janairu, 2015, aka koma aiki, da sabon bayani ga masu sa kai da kuma adadin da aka rage ƙwarai: ƙwayoyi 300,000 kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin talatin na ƙaramin adadin farko. Mutum 56 suka shiga wannan zagaye, 51 suka sami rigakafin. Tunanin kowa shi ne in an rage gishiri miya za ta daina ɗaci.

Ta wani ɓangaren haka aka gani. Zazzaɓin kwanakin farko ya ragu sosai, ƙwayar da ke yawo a jini ma ta ragu. Amma kumburin gaɓɓai ya kama mutum 13 cikin 51, bai ragu ko kaɗan ba, kuma ƙurajen fata ba su ɓace ba. Abin da ya ragu tare da zazzaɓin shi ne ƙarfin amsar garkuwar jiki, wato ainihin abin da ake nema. Wannan sakamako ne da babu mai so, kuma an wallafa shi yadda yake a mujallar likitanci a 2015. Amfaninsa babba ne: ya rufe ƙofar tunanin cewa ƙaramin adadi ya fi aminci. Da ba a yi wannan zagaye ba, da akwai yiwuwar a kai wa mutanen da ke bakin mutuwa allura mai rauni da sunan tausayi, su sha ciwon gaɓar kuma su rasa cikakkiyar kariya.

Wani abin da ya ɗaure kai shi ne bambancin wurare. A Hamburg da Kilifi, mutum 2 ne kawai cikin 60 suka sami irin wannan kumburi, kuma ya warke da kansa. An kawo bayanai daban-daban: masu sa kai na Jeniba sun fi manyanta, kuma a zagaye na biyu an ga ciwon ya fi kama masu yawan shekaru, sannan bayan abin ya fito, likitocin Jeniba sun riƙa neman sa da gangan, suna duba gaɓɓai da na'ura. Wanda ya duba da fitila ya fi ganin abin da ke ɗaka. Daga baya kamfanin Merck, wanda ya karɓi rigakafin daga hannun NewLink a watan Nuwamba 2014, ya yi wani gwaji a kan mutum sama da dubu a Amurka da Kanada da Sifaniya yana bibiyar gaɓɓai musamman, aka sami kumburin a wajen kashi 5 cikin ɗari.

Abin da aka kai Gini

An tsayar da ƙwayoyi miliyan 20 a matsayin adadin da za a ci gaba da shi. Ranar 23 ga Maris, 2015, aka fara babban gwaji a Gini da salon zobe: in an sami mai cutar, sai a yi wa waɗanda suka yi hulɗa da shi allura, da waɗanda suka yi hulɗa da su. Wasu zobban nan take, wasu bayan kwana 21. A sakamakon ƙarshe da ya fito a Disamba 2016, cikin mutum 5,837 da aka yi wa allurar babu wanda ya kamu da Ebola daga kwana 10 bayan allurar, alhali an sami mutum 23 a cikin waɗanda ba a yi wa ba a kan lokaci. A ƙarshen 2019 Tarayyar Turai da Amurka suka ba shi lasisi da sunan Ervebo, kuma a annobar gabashin Kwango ta 2018 zuwa 2020 an yi wa sama da mutum 300,000. Takardar da ke cikin kwalinsa har yau tana ɗauke da ciwo da kumburin gaɓɓai a jerin illolin da za a iya gani.

Wata biyar ne kacal tsakanin allurar farko a Amurka da fara gwajin Gini, har da makonnin da Jeniba ta tsaya a ciki. Dakatarwar ba ita ta jinkirta rigakafin ba. Abin da ya jinkirta shi shekaru taran nan ne. Da a ce an san maganar gaɓɓai da adadin da ya dace tun 2008 ko 2010, da gwajin zobe zai iya farawa lokacin da cutar ke kan ganiyarta, ba lokacin da ta fara ja da baya ba.

Ko an koyi darasin? Rabi da rabi. Ervebo ba ya kare mutum daga nau'in Ebola na Sudan. Da wannan nau'i ya ɓarke a Yuganda a Satumba 2022, alluran gwaji ba su iso ba sai Disamba, annobar ta ƙare a Janairu ba a gwada su ba. Da ya dawo a farkon 2025, an fara gwaji cikin kwana huɗu da sanarwa, domin kwalabe da takardun izini suna ajiye a ƙasar tun kafin ranar.

Inda maganar ta iso gida

Bahaushe in ya ji an ce gwajin magani, Kano ta 1996 ke faɗo masa: lokacin annobar sanƙarau, yara 200 aka sa a gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Tabon nan yana cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan inna a 2003. Wannan tsoro yana da tushe, ba na ganin laifin mai jin sa. Amma amsar da ta dace da shi ita ce sanin abin da za a tambaya in an zo da takarda: wa ya ba da izini, wane kwamiti ne mai zaman kansa ke duba illoli, me aka gani a jikin waɗanda aka yi wa kafin ni, wa zai yi mini magani in abu ya faru, kuma zan iya janyewa ranar da na ga dama?

Tambayoyin ba na nesa ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno inda aka gano shi a 1969, dangin waɗannan cututtuka ne masu sa zubar jini, kuma duk rani yana kashe mutane a Najeriya, har da likitoci da ma'aikatan jinya. Rigakafin da ya fi yin nisa a kansa, wanda ƙungiyar binciken rigakafi ta IAVI ke gwadawa da tallafin CEPI, ƙungiyar da ke ba da kuɗin irin wannan bincike, a kan wannan ƙwaya ta VSV aka gina shi, an sa mata rigar Lassa a maimakon ta Ebola. An yi matakin farko a Amurka da Laberiya, kuma a 2024 aka fara mataki na biyu a Abuja, a gwajin da ya haɗa da Gana da Laberiya. Tunda Lassa kan bar wasu da suka warke da kurumta, masu gwajin ba su jira wani ya zo ya ce ba ya ji sosai ba: tun a matakin farko sun sa awon ji a cikin abubuwan da ake bibiya, tare da gaɓɓai da fata.